Yayana, otizim da ɗakin tattabaru: yadda lamarin ya kasance

Na nemi izinin Yaya da na matarsa kafin in rubuta wannan, sharaɗi ɗaya suka ba ni, kar in saka suna kar in faɗi unguwa. To a Kano dai muke, iya nan zan tsaya.

Yaya ya haura shekara arba'in, yana da mata da yara uku, kuma tun ƙarshen 2020 rabon da ya fita da sunan aiki. Ba gurgu bane ba makaho ba, in ka ganshi a sahun sallah ba abun da zaka gani, shiyasa ma maganganu suka yi yawa a kansa, wasu suce lalaci ne, wasu suce asiri aka masa, wasu kuma a bayan ido suce ai ya samu mace mai albashi ne ya miƙe ƙafa. Mu da muke ciki mun san ba haka bane, amma mu kanmu mun daɗe kafin mu gane mene ne, kuma da muka gane ɗin ma sai da muka ƙara wahalar da shi da sunan taimako. Wannan ɓangaren ne nake so mutane su ji.

Tun muna yara

Ni ne ke bi masa, shekara huɗu tsakaninmu. Abun da na tashi na gani shi ne Yaya baya son taro, in ana biki a gidanmu masu kalangu suka fara to ka nemeshi a bayan randa ko ƙarƙashin gadon Hajiya ya toshe kunne da hannu biyu. Abinci kuwa in ba tuwo da miyar kuka ba sai shinkafa fara, kuma kar miya ta taɓa shinkafar sai shi ya zuba da kansa. Baya kallon idon mutum, manya suka ce kunya ce suka yaba, da ya girma bai canza ba aka koma ce masa miskili. Rediyon Baba kuwa ya sha kwanceta ya jera kayan cikinta a kan tabarma, a dakeshi, gobe ya sake, har ranar da ya ɗaurata ta kama tashar da da bata kamawa, daga ranar Baba ya daina dukansa a kan rediyo. An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, Hajiya ta yi iya yinta Allah ya saka mata, ba wanda ya taɓa kawo mata wata magana banda ta iska.

Da ya gama sakandare aka kaishi wajen wani maigida a Farm Centre ya koyi gyaran waya. Hannu kam yana da shi, wayar da ta gagari mutum uku shi ake miƙa wa. Matsalar ita ce kasuwar kanta, ƙarar janareta ta ko'ina, masu sifika kowa da kiɗansa, mutum biyar a kanka kowa na magana lokaci ɗaya, ga ciniki da sam bai iya ba, in ya ce kuɗin gyara kaza ne aka ce a rage sai ya tsaya yana kallon mutum dan shi a wajensa ya riga ya faɗi gaskiyar kuɗin, me kuma za a rage? Wani lokacin ma ya ce wa kwastoma wannan wayar bata cancanci gyara ba ka sayi wata, maigida ya yi ta faɗa. A haka ya yi shekaru, a haka aka masa aure, Anti tace in ya dawo da magariba ko sallamarsa bata ji, ya shige ɗaki ya kashe fitila ya kwanta rub da ciki sai bayan isha zai iya cin abinci, yara su zo da murna Baba ya dawo ta janyesu.

Abun da ya fara buɗe mana ido shi ne kullen korona. A watan Afrilu na 2020 aka rufe Kano, kowa na kukan an hana shi fita, shi kuwa Yaya a watannin nan ne ya yi ƙiba, yana bacci, yana zama tsakar gida da yara yana haɗa musu mota da gwangwani da murfin kwalba, Anti tace tunda aka yi aurensu bata taɓa jin dariyarsa da ƙarfi ba sai a kullen. Da aka buɗe gari ya koma kasuwa bai rufa wata shida ba, rannan aka kirani a waya wai in zo Yaya yana zaune a kan benci tun safe da waya a hannu ya kasa komai, ana masa magana baya amsawa. Na ɗaukoshi a adaidaita, yana ta rawar jiki. Ya yi kusan mako biyu magana sai da kai. Tun daga nan duk lokacin da aka gwada mayar da shi, ko a wani wajen ne daban, kwana uku huɗu abun ya dawo.

Yadda aka gane

Ta kan ɗansa aka gane. Na tsakiyan, mai sunan Baba, Abba muke ce masa, ya kai shekara huɗu baya magana sai maimaita abun da aka faɗa, yana jera takalman gida a layi in ka taɓa ɗaya ya yi ta ihu. Aka turasu wajen likitar ƙwaƙwalwar yara, tana ta jero tambayoyi, yana son ƙara, yana kallon ido, yana cin abinci kala nawa, yaya yake in an canza masa tsari, Anti tace tun tana amsawa har ta tsaya tace likita ai wannan duk Babansa kike faɗa. Likitar tace a kawoshi shima. Sai da aka yi zama uku da shi a ɓangaren manya, aka kira Hajiya ta ba da labarin yarintarsa, sannan aka ce otizim ne, abun da a rediyo ake kira galahanga.

Ni dai bana son kalmar galahanga ɗin nan dan in ka faɗeta mutane wani hoto suke kawowa, na yaron da baya iya yi wa kansa komai, sai suce to ai Yayanka ba haka yake ba. Alhali abun iri iri ne, akwai wanda har ya girma sai an kula da shi dare da rana, akwai wanda yake aikin ofis yana tuƙa mota, akwai irin Yaya da yake tsakiya, zai iya aure ya haihu ya gyara maka waya amma hayaniyar kasuwa ta kwantar da shi. Likitar ta mana bayani cewa da shi ake haihuwar mutum, gado na da babban kaso a ciki shiyasa ba abun mamaki bane a ga uba da ɗa, ba aljanu bane ba allurar rigakafi bace ba kuma laifin tarbiyya ba. Tun 1943 wani likita Leo Kanner a Amurka ya rubuta bayanin yara goma sha ɗaya masu irin wannan yanayin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi, to yaran nan ai girma suke, suna nan cikinmu a matsayin miskilai da marasa son mutane. Likitar tace abun da ya samu Yaya a kasuwa gajiya ce ta shekara da shekaru yana danne kansa yana kwaikwayon mutane, har jiki da ƙwaƙwalwa suka ƙi, kuma babu ƙwayar da zata cire otizim, an dai bashi maganin damuwa na wani lokaci dan ta haɗu masa da ita.

Maganar aiki kuma ba shi kaɗai bane. Ko a Birtaniya da suke da tsare tsare, alƙaluman da hukumarsu ta ƙididdiga ta fitar a farkon 2021 sun nuna kusan 22 cikin ɗari ne kawai na manya masu otizim suke da aiki. A nan gida akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, har ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, amma mutumin da matsalarsa bata ganuwa da ido ta ina zai fara, kuma ko an bashi kujerar zaman ofis ɗin ne zai gagareshi.

Kuskuren da muka yi

Shekarar farko a gida ita ce mafi muni. Ya huta daga kasuwa amma wani abu ya maye gurbinta, zaman banza da kunya. Namiji a garin nan kowa ya fita da safe kai kana tsakar gida, matarka ta saɓa jaka ta tafi makarantar da take koyarwa, maƙota na leƙe. Ya koma kwana da rana, waya a hannu har asuba, wanka ma sai an yi da gaske. Rannan yace min, kai ni meye amfanina a gidan nan. Wallahi har yau in na tuna kalmar nan sai gabana ya faɗi.

Sai dangi muka zauna, kuma duk shawarar da ta fito ta kuɗi ce. Kawu yace a buɗe masa ɗan tireda a ƙofar gida, muka haɗa kuɗi aka zuba omo da suga da madara da taliya. Wata biyu bata yi ba. Yara su zo biyar kowa na ihu a bani na hamsin, mata su aiko a bada bashi shi kuma bai iya cewa a'a ba bai kuma iya bin bashi ba, ya dawo yana rawar jiki kamar ta Farm Centre. Aka ce POS, wannan ko farawa ba a yi ba Anti ta hana, ta yi daidai.

Na biyun shi ya fi min ciwo dan da hannuna a ciki. Da kansa ya fara ɗauko tsofaffin kaya yana gyarawa a ɗaki, fitilar caji, fanka mai batir, tocila, rediyon Hajiya, ba wanda ya saka shi. Ya ware musu kwali kwali, ƙananan sukurori a gwangwanin madara kowanne da girmansa, in yana wannan aikin fuskarsa har wani haske take. Ni kuma da murnata na shiga gaya wa mutane ai Yaya na gyara a gida, ku kawo. Cikin makonni soro ya cika da fankoki, mutane na sallama tun bakwai na safe, wannan yace jiya kace min yau, wancan ya tsaya a kansa sai an gama, waya na ta ƙara. Kasuwar da ya gudo mata muka kwaso muka kawo masa har gida. Wata safiya ya tattara kwalayen gaba ɗaya ya tura ƙarƙashin gado, ya fi shekara bai sake taɓasu ba. Abun da yake so ne muka mayar masa abun tsoro, dan mu a tunaninmu duk abun da namiji yake yi in ba kuɗi yake kawowa ba to wasa ne.

Tattabaru

Ba wanda ya tsara wannan. Wani tsoho maƙocinsu zai tashi daga unguwar ya rasa yadda zai yi da tattabarunsa, ya bai wa Ummi, babbar 'yar Yaya mai sunan Hajiya, guda huɗu, miji da mata biyu. Anti har ta ce a yanka, Yaya yace a bari. Ya samo tukwanen ƙasa biyu da suka tsage ya kwantar da su a kan katako a lungun bayan banɗaki, ya rage musu gashin fiffike yadda tsohon ya nuna masa dan kar su koma tsohon gidansu kafin su saba, shikenan.

Abun da na lura da shi bayan wasu makonni shi ne ya fara tashi da asuba bai koma bacci. Na je wata Asabar na tarar da shi a tsugune a lungun, ya juya bokiti ya zauna a kai, littafin makaranta mai shafi arba'in a cinya. Ban yi magana ba na tsaya. Can ba tare da ya juyo ba yace, ka ga wannan mai wuyan kore, ƙarfe goma saura yake karɓar kwanci, ita sai ta fita ta ci ta sha, la'asar ta dawo ta karɓeshi ta kwana a kai. Ya buɗe littafin ya nuna min, ya ja layi da rula, rana, lokacin da namiji ya hau, lokacin da ya sauka, kwana nawa da yin ƙwai. Yace ƙwai biyu take yi, na biyun bayan kwana biyu, kwana sha takwas su ƙyanƙyashe, kuma kwanakin farko ba hatsi suke bai wa 'ya'yan ba, wani farin abu ne mai kauri kamar kindirmo da yake fitowa daga maƙogwaronsu, uwa da uba duk suna yinsa suna musu ɗura. Yace ka taɓa lura kaza in ta sha ruwa sai ta ɗaga kai, tattabara kuwa zuƙa take bata ɗagawa? Ya yi magana ta fi ta minti ashirin a jere. Mutumin da a wata guda ba lallai in ji jimla goma daga bakinsa ba.

Na daɗe ina tunanin me yasa wannan ya zauna masa tireda bata zauna ba. A ganina abu ne da yake da tsari kuma tsarin baya ƙarya, in yau aka yi ƙwai ya san ranar ƙyanƙyasa, in aka ƙyanƙyashe ya san nan da mako huɗu 'yan shila sun yi gashi sun kusa tashi. Tattabara bata ciniki, bata cewa ka kalleni in ina maka magana, kukanta ƙasa ƙasa ne iri ɗaya, shi yace ma kukan na sauke masa abun da yake ji a kai. Sannan suna buƙatarsa, in bai tashi ya zuba gero da dawa ya canza ruwa ba ba wanda zai yi, mutumin da yake tambayar meye amfaninsa ya samu masu jiransa kullum da safe. Kuma wannan karon na kama bakina, ban gaya wa kowa ba.

Daga tattabarun ne lambu ya fito. Kashinsu ya taru, ya ji ance taki ne mai ƙarfi, ya zuba ɗanye a gindin wani tumatir da ya fito da kansa a bakin rariya ya ƙoneshi, sai ya koma tarawa a buhu ya barshi makonni ya huce sannan ya cakuɗa da ƙasa da yashi. Yanzu buhunan siminti ne a jere jikin katanga, alayyahu, lalo, yakuwa, attaruhu, zogale biyu a tsohon baho. Alayyahun wata guda ake fara yanka. Ruwan alwala da na wanke shinkafa yake tarawa ya basu dan ruwa a unguwarsu sai an saya wajen 'yan garuwa. Shima da shafinsa a littafi. Anti tace rabon da ta sayi ganyen miya ta manta, kuma ranar da ta fara cewa a gaban yara wannan miyar Babanku ce, bai ce komai ba amma ya ƙara tuwo.

Inda abun ya so ya lalace

Kar wani ya ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Na farko abun ya so ya haɗiyeshi, in ya shiga lungun nan sai ya manta da duniya, ya manta bai ci abinci ba, sau biyu ya manta ɗauko auta daga islamiyya har malamai suka kira Anti tana wajen aiki, ranar ta yi kuka sosai tace min Baffansu ni ce aiki ni ce kasuwa ni ce girki, shi kuma tsuntsaye. Gaskiyarta ne. Mace ce da take ɗauke da gida da albashin koyarwa, in ana maganar lafiyarsa ana mantawa da tata. Abun da ya warware wannan ba faɗa bane, takarda ce. Ita da shi suka zauna suka rubuta tsarin yini aka manna a ƙofar ɗaki, kuma da lokutan sallah aka ɗaureshi dan su ne baya taɓa tsallakewa, bayan asuba karatun Alƙur'ani da yara sannan tattabaru, ya shirya su Ummi ya rakasu bakin titi, hantsi shara da wanke wanke da ban ruwa, bayan azahar ya ɗora shinkafa ko ya jiƙa wake, bayan la'asar ɗauko yara, sai ya koma lungunsa zuwa magariba. Yaya in ka ce masa ka riƙa taimakawa a gida bai san ta ina zai kama ba, amma in ka rubuta masa bayan azahar ɗora shinkafa gwangwani uku to ko ana ruwan ƙanƙara sai ya ɗora. Wasu a dangi sun yi tsegumin wai an mayar da shi ɗan aikin mace, Hajiya ce ta kashe maganar, tace Annabi ma yana taya iyalinsa aiki a gida.

Na biyu muzuru. Wani dare ya hau ya cinye 'yan shila huɗu ya kashe uwa ɗaya. Da safe Yaya ya gani ya birkice, yana buga kansa da hannu yana zagaye tsakar gida, yara suka tsorata, ya yi kwana uku a ɗaki. Wanda bai sani ba zai ce a kan tsuntsu? Amma shi kowacce da lambarta da tarihinta a littafi, kuma abun da yake dogara da shi na cewa gobe zata zama kamar yau ne aka rushe masa. Na kawo kafinta ranar da Yaya baya nan, ashe shima kuskure ne, ya dawo ya ga an taɓa masa waje ya ƙara rikicewa. Daga baya shi ya zana yadda yake so, ɗaki a kan ƙafafu huɗu da ragar waya da ƙofar da ake rufewa da magariba, na sayo kayan kawai shi ya buga abunsa cikin mako biyu.

Sai tari da ya fara yi, likita tace ƙurar kashi da gashin tsuntsu tana iya taɓa huhu in mutum ya daɗe yana shaƙa, to yanzu sai ya yayyafa ruwa kafin shara kuma ya saka takunkumi, da ƙyar ya saba dan baya son abu a fuskarsa, sai da Anti ta ɗinka masa na yadi mai laushi. Maƙota ma sun yi ƙorafin ana ɓata musu shanya, aka daidaita a kan sai an kwashe shanya da yamma yake sakinsu.

Maganar kuɗi

Dole a yi ta. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hatsi ya yi tashin da kowa ya sani, tattabaru sun kai talatin da wani abu, geron da mutane ke nema ne ake watsa wa tsuntsu, Anti tace ba zata iya ba. A nan ne tsohuwar shawara ta so dawowa, Kawu yace to ai ga sana'a Allah ya kawo, a ƙara yawansu a buga a Facebook da WhatsApp a riƙa kai wa masu gashi da masu farfesun mai jego. Na ce Kawu ka yi haƙuri mun gwada wannan hanyar sau biyu.

Abun da muka tsaya a kai shi ne Yaya ya ƙayyade adadin da zai riƙe, miji da mata goma sha biyu, abun da ya ƙaru shi zai zaɓa da kansa ya rubuta ya saka a kwando, ni in zo in ɗauka ranar Asabar ɗin ƙarshen wata in kai wa masu saye, in sayo gero da dawa da kuɗin a Dawanau ko wajen masu awo in kawo masa da rubutaccen lissafi. Ba mai saye da zai taka gidan, ba a bada lambarsa, ba a karɓar oda. Kuɗin na ciyar da tsuntsayen, wani watan ya rage ɗan na sabulu, wani watan ni nake cikawa. Baya biyan haya baya biyan kuɗin makaranta, wannan har yanzu a wuyan Anti yake da abun da 'yan uwa muke haɗawa, kuma ba wai yana isa bane kullum.

Shi da yaransa

Ummi ce yanzu mai riƙe littafin ranar Asabar da Lahadi, suna kan na biyar, ita ke ja masa layi, a nan ta koyi lissafin kwanaki har malamarsu ta tambayi wa ke koya mata. Da can tsoronsa take ji, yanzu in tana da magana lungun take binsa dan ta gane Babanta ya fi iya saurare in idonsa na kan wani abu ba kan fuskarta ba.

Abba kuwa ba ruwansa da littafi. Shi dai ya ɗauko nasa bokitin ya kifa kusa da na Babansa ya zauna, su yi awa guda ba wanda ya ce wa wani uffan, wannan na kallo wancan na kallo. Da farko Anti ta damu tace ai gara ya riƙa jansa da hira tunda an ce a yawaita masa magana, malamar da ke koya masa magana tace ta barsu, ita ta yi nata a ɗaki, wannan zaman ma wani abu ne. In Abba ya fara birkicewa a cikin gida, Yaya ne kaɗai yake ganewa tun kafin ta kai ga ihu, sai ya kashe rediyo ya kama hannunsa su nufi bayan gida, yace min shi ya san yadda ƙarar take ji a ciki.

A kwanakin baya ya jawo kwali ɗaya daga ƙarƙashin gado, ya haɗa wata 'yar fitila mai sola ya saka a ɗakin tattabarun dan ya riƙa dubasu da daddare, ya kuma gyara fankar Hajiya. Da na gani ya kalleni yace kar ka gaya wa kowa. Na ce ba zan faɗa wa kowa a unguwa ba Yaya, da na zo neman izinin rubutun nan ma sai da na sake tambayarsa ko in cire maganar fitilar, ya yi shiru can yace ka barta tunda ba suna.

Abun da ke gabanmu yanzu shi ne mai gidan da suke haya ya fara maganar zai gina ɗaki a lungun nan bayan damina. Mun gaya wa Yaya da wuri dan kar ta zo masa bagatatan, ya kwana biyu baya cin abinci sosai, a na ukun na tarar ya auna gefen rijiya da igiya ya zana sabon waje a shafin ƙarshe na littafin, ya rubuta adadin katako da ƙusa, a ƙasa kuma Ummi ta rubuta ranar da zasu fara kwashe buhunan alayyahu. Ranar Juma'a zan je in samu mai gidan mu yi maganar gefen rijiyar.